Jinyar Madam Irena a Shekarar Kame

Jiya Hafsa, 'yar ƙanwata, ta zo mini nan unguwar Mahjar ita da ƙawarta, wai in nema musu aikin jinyar tsofaffi. Na tambaye su dalili. Ƙawar ta ce, "Khala, ai aikin hutu ne. Kina zaune cikin sanyin na'urar mukayyif, tsohuwa na barci, ke kina danna waya." Na dai zuba musu shayi. Amma tun da suka tafi maganar take cina, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda aikin yake, don su da duk mai irin tunaninsu.

Na fi shekara talatin a wannan sana'a, kuma ban taɓa shiga gidan majinyaci gabana bai faɗi ba. A unguwar Karantina aka haife ni. Kakana da ƙafa ya zo hajji daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Babana ya rayu ya mutu ba shi da takarda, ni ma haka na tashi. To ku duba, mace ba iƙama, wato takardar izinin zama, ita kaɗai a ɗaki da tsohon da numfashinsa ke iya ɗaukewa kowane lokaci. In ya cika a hannunki, kafin a tambayi abin da ya same shi sai an tambayi ke wace ce.

Gwaggo Dije ce ta koya mini. Mutuniyar Damagaram ce, ta yi shekaru tana shara a wani asibiti har ta haddace abin da ma'aikatan jinya ke yi, sannan ta koma aikin gidaje. Wata uku ina bin ta ba ta bar ni na taɓa majinyaci ba, wankin zannuwa da zubar da fo ne nawa. Jakarta guda ce, baƙa, kuma abin da ke cikinta shi ne a tawa har yau: safar hannu, shimfiɗar roba, zani mai ƙarfi na juya majinyaci, man zaitun, ƙaramin cokalin shayi, almakashin farce mai dakusasshen baki, da agogo. Takan ce agogon ne babba. Wanda ba ya iya juya kansa, duk awa biyu a juya shi, in ba haka ba fatar ƙugu ta mutu, gyambo ya buɗe, kuma gyambon kwanciya in ya buɗe ba ya jin lallashi. Ruwan wanka da gwiwar hannu ake gwada shi, don tafin hannun ma'aikaciya ya riga ya saba da zafi. Ɗaga mutum kuwa da ƙarfin ƙafa ake yi. Wadda ta yi da baya, kafin ta kai arba'in ita ma sai an nema mata mai jinya.

Ranar farko da ta ba ni cokali, wata Hajiya ce mai shanyewar ɓarin jiki. Na ba ta shurba, romon nan mai ruwa-ruwa, tana kishingiɗe, saboda ina saurin in gama kafin la'asar. Cokali na uku ya bi hanyar iska. Fuskarta ta yi baƙi, idanu suka firfito, ba tari ba ƙara. Gwaggo ta fito daga madafi a guje, ta tayar da ita zaune, ta kifa ƙirjinta a kan hannu, ta yi ta dukan tsakanin kafaɗunta har abin ya fito. Ba ta yi mini faɗa a cikin gidan ba. Sai da muka sauko matakala ta tsaya, ta ce a hankali, "Da ta tafi, ni da ke a tarhil za mu kwana, kuma 'ya'yanta ba su yi laifi ba." Tarhil shi ne inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Daga ranar ban sake ba wani abinci ba sai yana zaune sosai, haɓa a ƙasa, rabin cokali, kuma sai na ga maƙogwaro ya motsa kafin in ƙara.

Na yi jinyar mutane iri-iri, Hadramawa da Turkawa da Misirawa da namu. Akwai wanda ya tofa mini yawu, akwai wadda kullum take cewa na sace mata awarwaro alhali yana hannunta. Amma wadda nake so ku ji labarinta wata Baturiya ce, Madam Irena.

'Yarta, Daktora Marta, likitar sa barci ce a ɗakin tiyata na wani asibitin kuɗi. Mutanen ƙasar Cek ne. Mahaifiyar ta haura tamanin, ta faɗi sau biyu a can ƙasarsu ba kowa kusa, shi ne Daktora ta yi ta fafutika har ta kawo ta gidanta a unguwar Safa, hawa na uku. Daktora na jin Larabci daidai gwargwado. Tsohuwar kuwa sai yarensu da Jamusanci da Turanci, ni kuma Turancina na tsince-tsince ne. Duk da haka ban taɓa samun majinyacin da muka fahimci juna da sauri kamarta ba, don duk abin da take so da fuska da hannu take faɗa, kuma ba ka kuskure shi.

Wankan farko ne ya nuna mini akwai wani abu. Na zaunar da ita a kujerar roba a banɗaki, na gwada ruwa, na miƙa hannu zan buɗe shawa. Tana ɗaga kai ta ga kan shawar, sai ta damƙe mini hannu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ɗauka ɗaya nake yi mata, amma shatin yatsunta ya kwana uku a jikina. Ba ta yi ihu ba, jikinta ne kawai yake kaɗawa har kujerar na buga tayil. Na rufe famfo, na ɗauko bokiti da kofi, na yi mata irin wankanmu na Karantina. A nan na ga lambobi a hannunta na hagu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, shuɗaye, sun dishe cikin fata. Na ɗauka lambar waya ce aka rubuta mata saboda mantuwa, har na sa soso na goga.

Da Daktora ta dawo na gaya mata. Ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Ramatu, zan gaya miki abin da ko a asibiti ba wanda ya sani. In kin ji ba za ki iya ba, ki tafi, amma don Allah ki bar shi a cikinki."

Na ce ina ji.

"Mahaifiyata Bayahudiya ce."

Ta ce a lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus sun mamaye ƙasarsu, suka bi gida-gida suna kwashe Yahudawa. Madam tana 'yar shekara goma sha biyar aka ɗauke su, ita da iyayenta da ƙaninta. Da fari an tsare su a wani gari da aka mayar kurkuku, daga baya aka loda su a taragon dabbobi zuwa sansanin da ake kashe mutane. A can aka yi mata lambar. Waɗanda ba su da ƙarfin aiki, sai a ce su tuɓe za a yi musu wanka, a rufe su a ɗaki mai kawunan shawa a sama, a saki iska mai guba. Cikin gidansu ita kaɗai ta fito.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata, kuma tsoro biyu ne. Na ɗaya, ni da ba takarda, in maganar ta fita aka zo bincike, wa za a fara kamawa? Na biyu, abin da muka taso muna ji game da Yahudawa. Ranar Juma'a na je wurin Gwaggo Dije, lokacin ta tsufa ta daina fita. Ban faɗi suna ko unguwa ba. Ta saurare ni tana jan carbi, sannan ta ce, "Tana cin abinci da bakinta?" Na ce e. "In aka bar ta awa huɗu a kwance, ƙugunta zai yi gyambo?" Na ce zai yi. Ta ce, "To ki koma bakin aikinki, ki kama bakinki." Na koma. Yau ma da nake faɗa, sai don uwar ta rasu, 'yar kuma ta daɗe da barin ƙasar.

Jinyarta ta koya mini abin da ba ya cikin jakar Gwaggo. Kullum sai ta ɓoye gutsuren burodi a ƙarƙashin matashi. Ranar da na ga tururuwa na zubar da shi, ta wuni ba ta ci komai ba, tana ta laluben gado. Sai na koma duk safiya in tana banɗaki in cire na jiya in sa sabo daidai girmansa. Ta sani, na san ta sani, ba wanda ya yi magana. Bugun ƙofa ma haka. In aka buga da ƙarfi sai ta miƙe tsaye cak, ita da ba ta tashi sai an kama ta, hannuwa a gefe, tana faɗin lambar nan da Jamusanci. Na roƙi mai gadi da mai kawo gas su riƙa kiran waya kafin su hau. Wannan duk aiki ne. Majinyacin da ya firgita yakan faɗi, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba kasafai ake tashi daga ita ba.

In tana cikin daɗin rai kuwa, ba ka gajiya da ita. 'Yar wasan kwaikwayo ce. Daktora ta ce a cikin garin kurkukun nan ta fara, a wani soro can saman gini, suna yi wa mutane wasa da yunwa a cikinsu, yau kana wasa da mutum gobe an sa shi a jirgi. Bayan yaƙi ta yi shekara arba'in a dandamali a Prag, babban birninsu, in ka cire wasu shekaru da gwamnatin lokacin ta hana ta fitowa saboda wata magana da ta ƙi janyewa, ta koma ɗinkin kayan 'yan wasa a bayan labule. Tana da kundin hotuna. Nan sarauniya ce, nan mai sayar da kifi, nan makauniya, kuma in ba a gaya maka ba ba za ka ce mutum ɗaya ba ce. Daga kan kujerarta takan kwaikwayi mai gadinmu yana hamma, ko ni kaina ina ɗauke da bokiti ina mita. Na ga tafiyata a jikin wata, na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Sai shekarar kame ta zo. Ku lokacin kuna yara. Aka sa wa marasa takarda wa'adi, wa'adi ya cika, aka fara tare hanyoyi ana duba iƙama. Shaguna suka rufe, kasuwar bakin titi ta watse. A Karantina kullum sai ka ji an tafi da wane, an tafi da wance da goyonta. Maƙwabciyarmu Indo ta fita sayen tumatir, sai daga Kano aka ji muryarta, garin da ba ta taɓa gani ba. Ni 'ya'yana uku, ubansu ya rasu. Daktora ta ce in daina zirga-zirga, in zauna a gidan. Na bar yaran wurin ƙanwata, na yi sati biyar ban taka ko matakala ba. Ban gaya wa Madam komai ba. Amma ta ga na daina zuwa gida ranar Juma'a, ta ga ba na matsawa kusa da taga, ta ga yadda nake yi in jiniya ta wuce. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa na ɗago na ga tana kallona, kallon da ban so ba, irin na wanda ya san ciwon.

Ranar wata Talata bayan azahar, na juya ɗauko tawul, juyawa ɗaya, ta yunƙura za ta tashi da kanta. Ta zame ta dafa ƙasa da hannun dama. Kafin in ɗaga ta wuyan hannun ya karkace ya fara kumbura, yatsun suna yin fari. Laifina ne, ba a juya wa wanda ke kan kujerar wanka baya. Na ɗaure hannun da katakon yanka albasa da ɗankwali, na kira asibiti. Daktora na ɗakin tiyata, sai da aka kai mata waya kunne.

"Yatsun suna da ɗumi?"

Na ce sun yi sanyi.

"To ba za a jira ni ba. Ki kira Abakar ya kawo ta yanzu." Sai ta ƙara da cewa, "Ramatu, na san abin da nake roƙonki. In ba za ki iya ba, ki sa ta a mota ita kaɗai."

Abakar direban tasi ne, mutumin Cadi, dattijo mai takardunsa, shi ke kai Daktora aiki. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da abaya a hannu. Ita kaɗai a bayan mota, da karaya, ba ta jin yaren direba, ba mai riƙe ta in an taka birki. Na yi tunanin yarana. Na sa abayar, na sa mata tata, muka sauko da ita a kan kujera ni da Abakar.

Ba mu yi minti goma ba muka tarar da layin motoci. Abakar ya dubi madubi ya ce, "Hajiya, taftish ne." Ba wurin juyawa, motoci sun rufe mu ta baya. Can gaba jami'ai ne da kaki suna leƙa kowace mota, a gefen titi kuma ga doguwar bas mai waya a tagogi, ga mutane a layi suna shiga, wasu da ledoji a hannu, wata mata da yaro a kafaɗa. Mota bakwai ce a gabanmu. Na ƙirga su. Ko addu'ar da na sani tun ina yarinya ta ƙi zuwa.

Sai na tuna da wadda ke gefena. Matar da bugun ƙofa ke tayar da ita tsaye, ga kaki, ga layi, ga bas. Na juya. Idonta na kan mutanen nan, leɓenta na rawa, ta fara faɗin lambar a hankali. Na ce shi ke nan, yanzu za ta firgice, duk su taru a kanmu.

Saura mota huɗu ta daina. Ta juyo ta dube ni, ta zana murabba'i a iska da hannunta mai lafiya, ta ce da Turanci, "Takarda?"

Na girgiza kai.

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta sa yatsu a baki ta ciro haƙoran robarta, sama da ƙasa, ta danƙa mini a tafin hannu. Nan take kumatunta suka faɗa. Ta ture gyalen, ta hargitsa farin gashinta, ta sulale ta faɗo kan cinyata. Idanun suka juye sai fari. Sannan numfashin ya fara, wannan mai kurman gurnani da ke fitowa daga ƙasan ƙirji, ya ja, ya tsaya, ya daɗe, ya sake ja.

Na zauna a kan mutane da yawa suna cikawa, na san wannan numfashin kamar yadda na san kiran salla. Na ga lokacin da ta cire haƙoran da idona, amma wallahi da na ji shi na yarda mutuwa take yi. Na ce tsoro ne ya tsinka mata zuciya. Na tallafo kanta ina kiran sunanta, ina cewa Abakar ya yi wani abu, hawaye na zuba. Ban san mun iso ba sai da na ji an ƙwanƙwasa gilashi.

Jami'in matashi ne. Ya karɓi iƙamar Abakar, ya sunkuyo ya leƙo baya, bakinsa a buɗe zai yi mini magana. Daidai nan ta ja wani numfashi, ƙafarta ta miƙe ta bugi ƙofa, yawu ya gangaro ta gefen baki, hannun da ke ɗaure da katako ya zamo ya rataya. Yaron ya ja da baya. Ya ce, "La haula wa la ƙuwwata. Wane asibiti?" Abakar ya faɗa. Ya jefa masa katinsa, ya daka wa na gaba tsawa su buɗe hanya, yana buga rufin motar. "Yalla, yalla, Allah ya ba ta lafiya."

Mota ta sha kwana sau biyu ina ta jijjiga ta. Sai ta buɗe ido ɗaya, ta dubi taga, ta buɗe ɗayan. Ta miƙo hannu. Na daɗe ban gane haƙoranta take nema ba, ashe na damƙe su har sun huda mini tafi. Abakar ya kalli madubi, ya ce, "Innalillahi."

Tana mayar da haƙoran jikinta ya ɗauki rawa, ta gaskiya wannan karon, haƙoran na haɗuwa. Na ji ɗumi a cinyata, fitsari ya kufce mata. Na ciro shimfiɗar roba daga jaka na tura ƙarƙashinta, na lulluɓe ta da gefen abayata don kada Abakar ya gani. Da muka isa, kafin kowa ya taɓa ta na nemi banɗaki na wanke ta na canja mata, don na san ba za ta so 'yarta ta same ta haka ba.

An gyara hannun, an sa filasta, yatsun suka dawo da jini. Da la'asar sakaliya Daktora ta fito, na ba ta labari a gaban uwar. Daktora ta ce, "Ta mutu a dandamali ya fi a ƙirga. Amma ko ɗan sandan kan hanya ta gani a can gida, sai ta tsallaka titi." Ta juya ta yi wa uwar magana da yarensu. Madam ta amsa, doguwar amsa, idonta a kan bango. Na ga fuskar Daktora ta canja. Sannan ta fassara mini.

"Ta ce ranar da suka sauka daga jirgi a sansanin, an jera su, wani jami'i na nuna dama ko hagu. Wata ta raɗa mata cewa masu ƙarfi ake bari. Sai ta murza kumatunta suka yi ja, ta ɗaga kafaɗa, ta yi tafiyar 'yar shekara ashirin ƙosasshiya, alhali kwana uku ba ta ci ba. Aka nuna mata dama. Mahaifiyarta na bayanta, tana tari." Daktora ta ci gaba da cewa, "Ta ce wasan da ta yi ranar na mutum ɗaya ne, ba ta san yadda za ta yi shi ya ishi biyu ba. Ban taɓa jin wannan ba, Ramatu. Shekarata hamsin da shida."

Na duba agogo, lokacin maganinta ya yi. Na tayar da ita zaune, na ba ta ƙwayar da rabin kofin ruwa, na jira ta haɗiye.

A asibitin muka kwana biyu, sannan muka koma a motar asibiti tare da Daktora. Na ƙara wata takwas da ita. Kamen ya lafa, na ga yarana. Da kwangilar Daktora ta ƙare suka koma ƙasarsu, kuma kafin ta tafi ita ta haɗa ni da iyalin da suka tsaya mini har na samu fasfo da kafili, wato ubangida a takarda, da iƙama, ina da shekara hamsin da ɗaya. Bayan shekara biyu ta kira ni ta ce Madam ta rasu a gadonta, da rana, tana barci. Na tambaye ta ko akwai gyambo a jikinta. Ta ce babu ko ɗaya. Na ce to alhamdulillahi, wadda ta karɓe ta ta san aikinta.

Na aika wa Hafsa cewa in har yanzu tana so, ta zo ranar Asabar da sassafe. Akwai wani dattijo a Safa da nake dubawa, zannuwansa sun taru.